Ina sha'awar aikin ƙiyasin kuɗin gini, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na gama sakandare a Jos, yanzu ina bin kawuna magini wurin aiki. Ina sha'awar aikin masu ƙiyasta kuɗin gini, waɗanda ake ce wa QS. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Hanyar karatun a bayyane take. Ka nemi kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da fizis. Jami'ar Jos na da sashen koyar da wannan aiki, haka ABU Zariya da Jami'ar Fasaha ta Minna, kuma digirin shekara 5 ne. Bayan bautar ƙasa da gogewa a ƙarƙashin ƙwararre, sai jarrabawar NIQS, ƙungiyar masu ƙiyasta kuɗin gini ta Najeriya da aka kafa a 1969, sannan rajista da QSRBN, hukumar yi wa masu wannan aiki rajista da dokar 1986 ta kafa.

Amma bin kawunka ɗin nan, kada ka raina shi, domin nan ne gindin aikin. Mai ƙiyasi zane yake ɗauka ya fitar da yawan kaya da farashinsu a takardar da ake kira BOQ. Murabba'in mita ɗaya na bango na cin bulo kusan 10. Sai ka cire gurbin ƙofa da taga, ka ƙara waɗanda za su fashe wajen saukewa daga mota. Rodi mita 12 yake zuwa, amma wanda bai taɓa tsayawa kan mai lanƙwasa ƙarfe ba bai san nawa ke tafiya a guntaye da haɗi ba.

Ga kuma ƙasar Jos. Harsashin da aka ci karo da dutse kuɗin haƙarsa daban ne, filin da aka taɓa haƙar kuza a wajen Bukur kuwa sai an gwada ƙasarsa tukuna. Wanda ya yi ƙiyasi daga ofis bai taka filin ba, zai jefa mai gida cikin bashi, abin da ke ci mini rai ke nan.

Tun yanzu ka koyi Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, da karanta zane. Ka sayi ɗan littafi, duk mako ka leƙa kasuwar Katako da ta kayan gini a hanyar Bukur, ka rubuta farashin buhun siminti da kwano da katako da tifar yashi, kowanne da kwanan wata. Aikin kawunka na gaba, ka roƙe shi ya bar ka ka ƙirga bulon kafin a sayo.