Amsa: asalin ƙauyen Moisés Ville

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne akwai ƙauyen manoma a Ajantina da Yahudawa suka kafa. Gaskiya ne, Moisés Ville ake ce masa, a lardin Santa Fe.

A watan Agustan 1889 jirgin ruwa mai suna Weser ya sauke Yahudawa sama da 800 a Buenos Aires. Daga yankin Podoliya suke, sun guje wa tsangwama a daular Rasha. Gonakin da aka yi musu alkawari ba su samu ba, sai suka yi sabon ciniki da wani mai filaye, Pedro Palacios. Nan wahalar ta soma. Aka zube su a tashar jirgin ƙasa, ba abinci, ba garma, ba shanun huɗa. Yunwa da cuta suka ɗauke yara da dama.

Wani likita, Wilhelm Loewenthal, shi ya gan su ya kai labari Turai. Labarin ya taɓa attajiri Baron Maurice de Hirsch, wanda a 1891 ya kafa ƙungiyar tsugunar da Yahudawa a gonaki.

Noman ma bai zo da sauƙi ba, don yawancinsu ba manoma ba ne tun asali. Fari da farin ɗango sun sha cinye alkama. A ganina ciyawar alfalfa da kiwon shanun madara ne suka tsayar da garin, sai ƙungiyar gama-kai da suka kafa a 1908.

Daga baya 'ya'yansu suka yi karatu suka koma birane. Yau Yahudawa tsiraru ne a garin.