Ƙibar uwa da zuciyar ɗan da ke ciki

Tambaya: Likita, a Agege nake zaune, cikina wata huɗu, nauyina kilo 98. A wurin awo aka ce ƙibata tana iya shafar zuciyar abin da ke cikina. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. In rage cin abinci ne?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya raba lafiya. Kada ki horar da kanki da yunwa, mai ciki ba ta neman rama.

Abin da aka gaya miki da gaskiyarsa. Zuciyar ɗan tayi tana fara bugawa wajen mako na 6, ta kammala ginuwa wajen mako na 10, lokacin da wata ma ba ta tabbatar tana da ciki ba. Cikin jarirai 100, kusan ɗaya kan zo da lahani a zuciya, ƙiba kuwa tana ɗan ƙara wannan haɗarin. Duk da haka mafi yawan masu jiki lafiyayyun 'ya'ya suke haifa.

Ni abin da ya fi damuna yanzu suga ne. Ƙiba tana jawo ciwon suga na masu ciki. Sugan sai ya ratsa mabiyiya, jikin yaro ya yi ta fitar da insulin, wato sinadarin da ke rage suga a jini, yaron ya yi girma har ya haura kilo 4, tsokar zuciyarsa ta yi kauri. Ga wahalar naƙuda, wani lokaci sai tiyata. Bayan haihuwa sugansa kan faɗi, ki ga jinjiri yana makyarkyata, ya kasa kama nono. Ke kuma, hawan jini ma yana laɓe a gefe.

Tsakanin mako na 18 da na 22 ki yi hoton ciki na duba gaɓoɓi. Kitsen ciki yana dushe hoton, don haka in an ce zuciyar ba ta fito sosai ba, ki nemi a sake, ko a tura ki asibitin koyarwa, LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja. Gwajin suga kuma tsakanin mako na 24 da na 28, ko kafin nan in likitanki ya ga dacewa.

Lemon kwalba da shayi mai suga cokali uku da burodin Agege, a ja musu birki. Ki rage malmalar tuwo, ki ƙara wake, kifi da zogale. Bayan la'asar ki taka na rabin awa. Ƙarin kilo 5 zuwa 9 ya ishe ki, tun daga farkon ciki har haihuwa.