Amsa: Mastar a kan hanyoyin asimtotik, ko kwamfuta ta kashe musu kasuwa?

Ƙanena, tambayarka ita ce: ka gama lisans na lissafi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, shin akwai amfanin yin mastar a kan hanyoyin asimtotik da na ƙaramin sauyi (dabarun samo amsa ta kusa idan wani adadi a lissafin ƙarami ne ƙwarai) tunda yanzu kwamfuta na warware komai? Akwai, ka shiga kanka tsaye. Kwamfuta lambobi take ba ka na yanayi guda, asimtotik kuwa tana nuna maka yadda amsar ke canzawa idan wani adadi ya ƙanƙance.

Ga inda za ka gane haka. Ɗauki εy'' + y' + y = 0, inda ε ƙaramin adadi ne, da sharaɗi a kowane gefe, wato ƙimar da y za ta ɗauka a farko da a ƙarshe. Ka mai da ε sifiri, y'' ta ɓace, sharaɗi ɗaya ya rasa mai cika shi. Ashe amsar na yin tsalle ne a cikin wani siririn yanki mai faɗi kamar ε, irin wanda masanin Jamus Ludwig Prandtl ya bayyana a 1904 kan ruwan da ke gogar bango. Na sha ganin ɗalibai sun zura wannan a kwamfuta da taki mai faɗi, wato tazara babba tsakanin wuraren da ake lissafawa, zanen ya fito yana zigizaga, su yi ta zargin na'ura. Amma shiga mastar ɗin na da sharaɗi: sai hannunka ya faɗa a ikwashon diferansiyel (irin wannan misalin) da analiz kompleks (nazari da lambobin kompleks), don dabarun asimtotik irin su hanyar WKB da ta Laplace ba sa jiran mai rarrafe. Kafin a koma karatu, zauna da biro da takarda ka warware wannan misalin, cikin siririn yankin da wajensa, ka haɗa amsoshin biyu.