Me ya haɗa ciwon ƙoda da ƙarancin jini?

Tambaya: Mahaifina yana fama da ciwon ƙoda. Wata uku ke nan yana shan maganin ƙarin jini, ga hanta da zogale ba ma raba shi da su, amma jininsa ya ƙi hawa. Mene ne dalili?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. A cikin ɓargo ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, amma ƙoda ce ke ba da umarnin aikin. Kowace ƙwaya kimanin kwana 120 take yi kafin ta tsufa, shi ya sa ɓargo ke fitar da sababbi wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Da zarar iskar oksijin ta ragu a jiki, sai ƙoda ta saki wani homon, wato sinadari mai kai saƙo a jiki, mai suna iritiropoyetin, wanda likitoci ke taƙaitawa da EPO. Gano yadda ƙwayoyin halitta ke jin wannan raguwa shi ya ba masana kimiyya uku, Kaelin da Ratcliffe da Semenza, lambar Nobel a 2019.

Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ɓargo, idan saƙon EPO bai iso musu ba, da yawansu mutuwa suke yi tun ba su nuna ba. Idan kuwa ya iso, sai su rayu, su rabu gida biyu sau huɗu ko biyar, suna ƙanƙancewa suna cika da hemogulobin, wato jan sinadari mai ƙunshe da ƙarfe wanda ke ɗaukar oksijin, daga nan su daina rabuwa, su tofar da cibiyarsu, wato ɓangaren da ke riƙe da kundin gadonsu (DNA), su shiga jini cikin kamar mako guda. Kafin kowace rabuwa dole ƙwaya ta kwafi kundin gadonta, kwafin kuma yana buƙatar bitamin B12 da folik asid. In suka yi ƙaranci, rabuwa takan yi jinkiri alhali ƙwayar tana ta girma, sai a samu manyan ƙwayoyi marasa yawa. Homon ɗin maza ma yana ƙara EPO, wanda yana cikin dalilan da jinin namiji ya ɗara na mace.

A ganina, Baba ya tara bulo ne babu wanda zai kira magini, domin ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da isasshen EPO. Tun 1989 ake yi wa masu ciwon ƙoda allurar EPO. Ku tuntuɓi likitansa a kan ta, ya fara auna sinadarin ƙarfe na jikinsa, kuma ina roƙonku kada ku saya a kemis ku yi masa da kanku, saboda takan tayar da hawan jini.