Tambaya da Amsa: Yaushe ya kamata in tashi daga teburin foka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni matashi ne ina buga kartar foka a waya ta intanet, kuma da kuɗi muke yi. Damuwata ban san lokacin tashi ba, in ina ci sai in ce bari in ƙara tunda yau da sa'a nake, in ana cinye ni kuma sai in ce wallahi ba inda zan je sai na fanshe, haka zan zauna tun farkon dare har gari ya kusa wayewa. Rannan aka raba min A guda biyu, katin da ya fi kowanne girma, na zuba duk abin da ke gabana, wani mai K biyu, katin da ke bin A a girma, ya bi ni ya zuba daidai nawa, katin ƙarshe ya faɗo K ya kwashe. Daga nan ban san me na yi ba, na dinga ƙara zubi har na taɓa kuɗin da ba nawa ba. Don Allah akwai wata ƙa'ida da ƙwararru ke bi su san lokacin tashi? A sakaya sunana.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ba zan ɓoye maka ba, karta da kuɗi caca ce, kuma in kai Musulmi ne ka san abin da aya ta 90 da ta 91 cikin Suratul Ma'ida suka ce a kanta, ni da za ka bi ta tawa da ka rabu da ita baki ɗaya. Amma tunda ka yi tambaya tsakani da Allah bari in amsa maka yadda ka yi ta.

Mu fara da hannun nan, wato zagayen wasan nan, da ya ƙona maka rai. A biyu in sun haɗu da K biyu kafin a buɗe katin tsakiya da kowa ke haɗawa da nasa, wajen kashi 82 cikin 100 ne suke ci, ka ga kenan kusan sau ɗaya cikin biyar mai K ɗin ne zai kwashe. Haka lissafin yake tun asali. Kuma ka duba saurin abin, a tebur na ido da ido da mutum ke raba kati da hannu da ƙyar a buga hannu 30 a awa, a intanet kuwa tebur ɗaya yakan kai 60 zuwa 80 ko fiye, wasu ma tebur huɗu suke buɗewa lokaci guda. To irin wannan faɗuwar da ke sa zuciya ta hau ba makawa sai ta zo maka, kuma za ta riƙa zuwa akai-akai. Asarar da ka yi a hannun nan zubi ɗaya ce tak, wato kuɗin da ka zauna da su a teburin. Sauran duka a awannin da suka biyo baya ka yi ta, lokacin da ka daina buga kati ka koma buga haushi.

Wasu masana halayyar ɗan Adam guda biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun fitar da bincike a 1979 wanda ya nuna zafin asara ya fi daɗin riba nauyi a zuciyar mutum, daga baya a 1992 suka kimanta shi da ninki biyu da ɗan wani abu. Abin da ya fi shafarka a ciki shi ne sun gano mutum in yana cikin asara ya fi yarda ya jefa kansa kasada don ya kuɓuta. Shi ya sa kai da ke zaune ƙarfe biyun dare an cinye ka zubi uku, ba kai ne ya dace ka yanke shawarar tashi ko zama ba, don a lokacin duk wata hujja da kanka zai kawo maka ta zama ce. Tun ran gini ran zane, shawarar nan kafin ka buɗe manhajar ake yanke ta, da rana tsaka hankalinka kwance.

Abin da masu daɗewa a wasan ke yi shi ne su sa iyaka da zubi, galibi biyu ko uku, in sun tafi an rufe sai gobe, ko teburin cike yake da waɗanda ba su iya ba. Amma kar ka bar iyakar nan a ka, don kai ne za ka karya ta. Shiga saitin manhajar ka sa iyakar kuɗin da za ka iya zubawa a rana ko a sati, shafukan da ke da lasisi na kirki suna da wannan, kuma a dokar Birtaniya misali in ka rage iyakar nan take take aiki, in ƙarawa kake so sai ka jira awa 24, wato an san mutum mai zafin kai ne ke neman ƙari. Sannan ka sa alam na lokaci, ya buga ka tashi ko kana ci ko ana cin ka. Maganar bacci ba ƙarama ba ce, wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, kuzarin ƙwaƙwalwarsa yana raguwa kwatankwacin mai barasa kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, adadin da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi da shi. Kai da ka tashi tun safe ka yi aiki, zuwa tsakar dare ka riga ka kai wurin. Ga shi kuma gidan wasan na yankar kamashonsa a kusan kowane tarin kuɗin da 'yan wasa suka zuba a tsakiya, galibi wajen kashi 5 cikin 100 har zuwa wata iyaka, su ba ruwansu da wa ya ci, tsawon zamanka shi ne ribarsu.

Akwai alamomin da in ka gani a jikinka ba sai ka jira alam ba. Babban yatsanka ya danna bi kafin kanka ya gama lissafi. Katin banza irin 9 da 4 da ka yar ba waiwaye a farkon dare yanzu kana shiga da shi wai ko Allah zai sa. Ka kafa wa mutum ɗaya ido wai sai ka rama a kansa, ka fara rubuta masa baƙar magana. Waya ta yi zafi a hannunka caji ya kusa ƙarewa ka koma ka tsuguna gindin soket, fitsari ya matse ka amma ka ƙi tashi. Wadda ta fi kowacce haɗari a wurina ita ce ka bar teburinka ka koma na manyan kuɗi don ka fanshe da wuri, a nan asarar dare ɗaya ke zama ta wata guda. Kuma "sai na fanshe" ɗin nan ba ta da tushe, kowane hannu sabon gauraya ake yi, kati bai san an cinye ka ɗazu ba balle ya biya ka. Haka in kana ci, kuɗin da ke gabanka naka ne, kar ka ce ai riba ce ko ta tafi ba komai.

Yanzu abin da ya fi damuna a wasiƙarka, ka ce ka taɓa kuɗin da ba naka ba. Ƙanena wannan ya wuce maganar dabarar wasa. Littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 ya sa cacar da ta fi ƙarfin mutum a sahun cututtukan jaraba tare da shaye-shaye, ya lissafa alamomi 9, wanda ya haɗa 4 cikin wata 12 ana ɗaukarsa mai lalura, kuma cikinsu akwai komawa don fanshe asara, da yi wa mutane ƙarya don ɓoye abin, da yunƙurin dainawa a kasa, da dogara da wasu su fitar da kai daga ramin kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta amince cuta ce. Ka zauna ka ƙirga naka da gaskiya. In ka sa iyaka ka karya ta, ka sake sawa ka sake karyawa, to ka nemi wurin da ake rufe asusu na watanni ko shekaru a manhajar ka danna, ka goge ta daga wayar, ka faɗa wa mai kuɗin nan gaskiya ku tsara yadda za ka biya daga guminka ba daga tebur ba, kuma ka ga likita ko mai ba da shawara, ba abin kunya ba ne.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Maigidana yana cewa shi gasa kawai yake shiga, kuma gasa ba a tashi a tsakiya, sai ya kawo min labarin wani Ba'amurke da ya yi arziki da ita. Gaskiya ne?

AMSA: Lafiya lau 'yar'uwa. Labarin gaskiya ne, Chris Moneymaker sunansa, a 2003 ya samu gurbi ta wata ƙaramar gasa a shafin foka na intanet mai suna PokerStars ya je Las Vegas ya ci babbar gasar duniya, dala miliyan 2.5, amma ki tuna mutum 839 ne suka shiga. A yawancin gasa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne kawai ke fita da wani abu, sauran hannu rabbana. Ya yi gaskiya cewa in ya tashi a tsakiya kuɗin shigarsa ya tafi, sai dai a gasa wurin tsayawa shi ne lokacin da aka fitar da shi, allon ya nuna masa sake shiga ko wata gasar da za ta fara nan da minti biyar. Ki tambaye shi cikin lalama, ba da dare yana kan wasa ba, gasa nawa yake shiga a dare ɗaya, kuma ko zai yarda ku duba tarihin zubinsa na wata uku tare, yana nan a rubuce cikin asusun nasa.