Zan iya gyara akwatin okziliyarin Hilux ɗina a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux ƙirar 2008 mai shan dizal, da ita nake jigilar amfanin gona tsakanin Daura da ƙauyukan Baure da Zango. Tun bayan damina akwatin okziliyarinta, wato wanda ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya, yake yoyon mai ta baya, tana kuka in na yi gudu a kwalta, in kuma na sa okziliyari cikin yashi da lodi sai in ji ƙas! ƙas! a ƙarƙashin kujera. Bakanike ya ce in sayi na Beljiyam kawai. Ni kuwa da kaina nake gyara injin ban-ruwa da babur, ina da sifanu. Zan iya buɗe shi a gida? Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya. Wanda ya saba tsaga injin babur ya mayar ba zai ga abin tsoro a akwatin nan ba, ya ma fi giyabos sauƙi nesa ba kusa ba. Amma kada ka sayi ko noti ɗaya, kada kuma ka biya kuɗin na Beljiyam, sai ka ga cikinsa da idonka. Abin da ka tarar a ciki shi zai yanke hukunci.

Kafin ka sauke shi, tabbatar shi ne mai laifin. Kuka a kwalta yakan fito daga kuros ɗin farfela, wato mahaɗin doguwar sandar da ke kai juyi ga tayoyi, ko boris ɗin da ke riƙe farfelar a tsakiya, ko aksul na baya. Ƙas-ƙas cikin yashi kuma yakan fito daga shaf ɗin ƙafar gaba. Shiga ƙarƙashi ka girgiza farfela ta gaba da ta baya, ka duba robobin shaf ko sun yage. Sannan ka tsiyaye man akwatin a kwano mai tsabta, amma fara kwance notin zuba mai na sama tukuna, don in ya ƙi kwantuwa bayan ka zubar da man ka shiga uku. Kusan lita 1 ya kamata ka samu. In ka ga rabin kofi, ga dalilin kukan nan. Mai da ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya sha lokacin da kake ƙetare rafuka. Ɗan laushin garin ƙarfe ba abin tashin hankali ba ne, gutsattsarin da za ka ji a yatsa su ne ke cewa a buɗe.

In yoyo ne kaɗai damuwar, ba sai an sauke akwatin ba, ana canza oyil-sil na baya yana jikin mota. Duba kuma 'yar hanyar shan iska da ke samansa. Laka kan toshe ta, har zanzaro ma yakan yi gini a ciki, in akwatin ya yi zafi iska ta rasa mafita sai ta tura mai ta bakin sil. Mutane da yawa sun canza sil sau biyu sau uku a banza saboda wannan ɗan rami.

Yanzu ka san abin da za ka tarar. Tsoffin Hilux na shekarun 1980 zuwa farkon 1990 galibi akwatinsu giya ce zalla, haƙori na cin haƙori, ƙaramar giyarsu tana rage gudu da 2.28. Taka, wato ƙirar da aka yi daga 2005 zuwa 2015, sarƙa ce mai faɗi ke kai ƙarfi ƙafafun gaba, ragin kuma 2.57 ne ta hanyar wasu ƙananan giyoyi da ke zagaye wata ta tsakiya. Akwai ɗan famfon mai a ciki da rariyarsa da maganaɗisu. Ƙarar da ka kwatanta ta yi kama da sarƙa da ta saki tana tsallake haƙori, ko kuma zoben da ke kulle okziliyari ya cinye baki yana kuɓucewa in lodi ya yi nauyi.

Wajen saukewa, sa duwatsu gaba da bayan tayoyi, ka tokare giyabos daga ƙasa da abin da ba zai goce ba, jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. Yi wa kowace farfela alama da fenti ko ƙusa inda ta haɗu da bakin akwatin, don ta koma yadda ta fito, in ba haka ba mota ta riƙa rawa. Manyan notocin bakin gaba da na baya an dake gefensu don kada su warware. Buɗe dakan da ɗan kurfi, ka sassauta su akwatin yana jikin mota, a ƙasa juyawa kawai zai riƙa yi. Nemi mutum na biyu ya tallafa, yana da nauyi.

Babban abokin gabanka a Daura ba wuyar aikin ba ce, yashi ne. Kada ka buɗe shi a tsakar gida ko gindin bishiya, balle lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa. Wanke bayansa tas kafin ka taɓa noti ko ɗaya, ka shiga da shi ɗaki ko shago mai siminti, ka shimfiɗa kwali. Duk abin da ka wanke ka rufe shi da leda. Ƙwayar yashi kaɗan a cikin sabon boris ta isa ta mayar da kai inda ka fito kafin wata damina. Wanki da kananzir ko dizal za ka yi, ban da fetur, musamman in akwai murhu kusa.

Ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire kowane abu da bayan ka cire. Jera kayan daga hagu zuwa dama yadda suka fito. Akwai ƙananan ƙwallaye da sifirin da fil da ke riƙe sandunan canza giya, su ne ke tsalle su ɓace, don haka ka tanadi gwangwanaye ka raba su. Zobban kulle ma kaurinsu ba ɗaya ba ne ko da sun yi kama, kowanne ya koma mazauninsa. Rabin akwatin biyu da gam aka haɗa su, jikin kuma alminiyam ne. Bubbuga da gudumar roba. In ka cusa sukudireba tsakani ka yi wa fuskar rauni, yoyon ya zama na dindindin.

To ga wurin hukunci. Boris, sil, sarƙa, zoben tagulla da cokulan da ke tura giya duk kayan canzawa ne, in su kaɗai suka gaji gyara ya fi. Juya kowane boris a hannu bayan ka ɗiga masa mai, in ka ji ƙaiƙayi ko tsayawa ya gama aiki. Sarƙa in ta saki har ta fara gogar jikin akwatin za ka ga sawunta, kuma ka duba haƙoran da take hawa, don sabuwar sarƙa a kan haƙoran da suka fiƙe ba ta daɗewa. Amma in jikin akwatin ya tsage, ko mazaunin boris ya buɗe har boris na juyawa a cikinsa, ko haƙoran ƙananan giyoyin sun ɓare, a nan bakanikenka ya yi gaskiya. Ko da na Beljiyam ɗin ka saya, ka canza masa sil da mai kafin ka ɗaura, ba wanda ya san shekara nawa ya yi a ajiye.

Tafi kasuwa da tsoffin kayan a hannu, ko cikin Katsina ko Ƙofar Ruwa a Kano, a gwada lamba da lamba. Koyo da NSK da Nachi sunaye ne na kirki a boris, NOK a sil, sai dai jabunsu sun yi yawa, araha fiye da kima ita ce alamar farko. Cire boris daga shaf da mayar da shi kuwa, ni dai shawarata ka kai gareji mai injin matsi a yi maka. Kuɗi kaɗan ne, guduma kuma tana kashe sabon boris tun bai fara aiki ba.

Wajen haɗawa, shafa wa komai man giya, leɓen sil kuma ɗan giris. Shafa yatsa a wuyan bakin da sil ke kamawa, in farce na maƙalewa a zanen da tsohon ya bari, canza bakin. Wanke rariyar famfo da maganaɗisu. Gam siriri za ka zizara, wanda ya yi yawa ciki yake faɗawa ya toshe rariyar. Manyan notocin nan sababbi ake sawa, a ɗaure su da sifana mai awon ƙarfin ɗauri zuwa 118 Nm a ma'auninta, a sake dake gefen. In ba ka da irin sifanar, aro ta. Kafin ka ɗaura, gwada kowace giya a ƙasa da hannu. A ƙaramar giya shaf ɗin shiga zai juya sau biyu da rabi da ɗan ɗoriya kafin na fita ya juya sau ɗaya. Mai kuma 75W-90 ne, GL-4 ko GL-5, a zuba har ya fara dawowa ta ramin sama.

Saura abin da ya kashe shi tun farko. Akwatin nan ba shi da abin da ke bambanta gudun gaba da na baya, shi ya sa ba a barin okziliyari a kwalta. Direbobi da yawa kan fito daga yashi su hau titin Daura zuwa Zango ba su cire ba, sarƙa ke biyan wannan mantuwa. Haka in tayoyin gaba da na baya ba girma ɗaya ba ne. Duba naka huɗun kafin ka fita gwaji, ka yi gwajin a kan yashi, ka dawo ka leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigo.