Kada ka datse ɗan mahaɗin cok

Jiya da muke dawowa daga Ringim ka tambaye ni ko ɗan robar nan mai mace da namiji da muka tarar a gidan dogon ƙwai yana da amfani, ko gara a datse shi a murɗe waya a naɗe da salatif yadda aka saba. Ƙarar babur ta hana ni ba ka amsa. To saurara, ɗana.

Kada ka datse shi. Da ka zare shi, cok, wato na'urar da ke daidaita wa ƙwan wuta, ya rabu da wuta ke nan, layif (jar waya mai kawo wuta) da nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) duka, kana kan tsaninka. A Amurka tun 2008 dokar wayarin ta wajabta shi a irin waɗannan fitilu na ofisoshi da kantuna, domin masu gyara kan canza cok da wuta a jiki, gudun barin mutane cikin duhu, ga shi layin fitilu a manyan gine-ginensu yakan kai bolt 277. Namu 230 ne, kuma ya isa ya jeho mutum daga silin.

Ni a ganina mu ma muna bukatarsa sosai. Sau nawa muka tarar an ɗora makunni a kan nutural? Ka kashe, ƙwai ya mutu, amma jar waya na nan da ranta. Ko a ce maka an ɗauke wuta tun safe, kana sa hannu wani ya tayar da janareta a bayan masallaci.

Maganar ƙarko kuwa, rabinta a hannunka take. Macen ita ke zama ɓangaren da wuta ke shigowa, don ƙarfenta a ɓoye yake, namijin ya bi cok. In ka juya su, ka bar tsirarar wuta tana lilo kusa da fuskarka. Ka feƙe waya daidai tsawon da aka ce, ka tura ta har ƙurya, sannan ka ja ta da ɗan ƙarfi. In ta motsa, sake. Mahaɗi mai cizon waya da kansa ya fi son waya mai ƙwaya ɗaya, irin 1.5 ɗinmu. Mai gashi-gashi takan tanƙware a baki, siririn gashi biyu ko uku su riƙe nauyin duka, wurin ya yi ta ɗumi har roba ta yi baƙi. Akasarin waɗanda na gani sun ƙone, daga nan ne. Ƙara da zafin kwano a watan Afrilu da na cok ɗin kansa, shi ya sa nake nisanta shi da jikin cok.

Ranar da za ka sa shi sabo, sai ka kashe wuta daga babban allon rarraba wuta, babu wata dabara. Ko bayan ka zare shi ma, ɗora tasta kafin yatsa, don wasu fitilun na da kafasita mai riƙe caji. Gobe ka zo da tsohon gidan ƙwan nan na shago, ka haɗa ina kallo.